Yadda ake tsara dogon labari a waya kafin a fara sakinsa

Dogayen labaran Hausa da yawa da ake karantawa yanzu a waya aka yi taifin ɗinsu, kuma feji-feji, wato kashi-kashi, ake sakinsu a WhatsApp, Facebook ko Wattpad. Wannan hanya tana da sharaɗi mai tsanani: abin da aka saki ya fita ke nan. Mai buga littafi a takarda yana iya kaiwa babi na 40, ya dawo babi na 3 ya gyara shekarun jarumarsa. Mai sakin feji ba shi da wannan dama, domin an riga an karanta, an tura wa wasu, an kwafe. Aikin da wancan zai yi daga baya, shi dole ya yi shi tun fejin farko bai fita ba.

Tsarin bai wuce wurare huɗu ba, kowanne da aikinsa: wurin zuba tunani, kundin labari, uwar rubutu (fayil ɗin da ake rubuta labarin kansa), da ma'ajiya. Yawancin ɓarnar da ake gani tana faruwa ne idan aka ɗora wa wuri ɗaya aikin guda huɗun, musamman idan wurin nan WhatsApp ne.

Mataki na 1: wuri ɗaya tak na zuba tunani

Dabarar labari ba ta jiran a zauna. Tana zuwa a cikin adaidaita, a gidan biki, ko ana tsaka da girki. A zaɓi wuri ɗaya a riƙa jefa ta: ƙaramin littafin rubutu da zai shiga jaka, ko Google Keep, ko saƙon da mutum ke tura wa kansa a WhatsApp. Wanne aka zaɓa ba shi ne muhimmi ba, muhimmin shi ne ya zama ɗaya. Mai wurare uku ba ya sanin inda zai duba.

Kowane tunani a fara shi da kalma ɗaya mai nuna irinsa: MUTUM, MAGANA, WURI, FITOWA ko TAMBAYA. Misali: "MAGANA: kaka ta ce wa jikarta, ke da kunya sai dai a labari." Daga baya idan aka nemi kalmar MAGANA, duk za su fito a jere.

Sau ɗaya a mako a zauna minti 20 zuwa 30 a kwashe wurin kaf. Abin da ya dace da labarin ya koma kundi, wanda ya dace da wani labari na gaba ya koma fayil mai suna "na gaba", ragowar a goge. Saƙon murya shi ne ya fi cin amana a nan, domin ba a iya neman kalma a cikinsa. Wanda ba a mayar da shi rubutu cikin makon ba, da wuya a sake sauraronsa.

Mataki na 2: kundin labari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Kundin labari fayil ne guda, ko littafin rubutu mai shafi 80, inda ake ajiye duk wata gaskiya ta cikin labarin. Mai karatu ba zai taɓa ganinsa ba. Ana raba shi gida biyar.

*Mutane.* Kowane mutum ya samu shafinsa: cikakken suna da yadda za a riƙa rubuta shi, shekarar haihuwa, iyaye, matsayinsa a cikin 'yan'uwa, sana'a, abin da yake so, abin da yake ɓoyewa. A rubuta shekarar haihuwa maimakon yawan shekaru, domin "tana da shekara 19" yana tsufa yayin da labari ke tafiya, amma "an haife ta a 2003" ba ya motsi. A tsayar da rubutun suna sau ɗaya: A'isha ce ko Aisha, Ahmad ne ko Amadu. Idan aka cakuɗa, ranar da aka tashi neman duk wuraren da ta fito, rabi kawai za a samu.

A ƙarƙashin kowane suna a yi layin da ya fi kowanne amfani a labarin Hausa: wa ke kiransa da me. Mutum ɗaya a gidan Bahaushe yana iya amsa suna biyar. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata da yawa ba sa faɗin sunan miji, yarinyar da ta ci sunan kakarta Ummi ce ko Mama a bakin iyayenta, ƙanne suna cewa Yaya, kakanni kuma suna da nasu sunan na tsokana. Idan Hajiya ta yi feji 30 tana cewa "yaron nan" don alkunya, sai kwatsam ta kira shi Kabiru ba tare da dalili ba, masu karatu za su lura. Idan kuwa an tsara, ranar da ta kira sunan nasa sai ta zama babbar fitowa.

A kula da sunayen da ke ɗauke da bayani. Jummai ranar Juma'a aka haife ta, Ɗanladi ranar Lahadi. Gambo yana bin tagwaye, saboda haka mai karatu zai tambayi ina Hassan da Husaini. Tanko namiji ne da ya biyo mata. Auta ba ya da ƙani. Kuma kada manyan mutanen labarin su fara da harafi ɗaya ko su yi kama a kunne. Safiya, Sadiya da Sa'adatu a gida ɗaya wahala ce ga mai karatu a ƙaramin allon waya.

Bayan shafukan mutane a zana bishiyar dangi a takarda, a ɗauki hotonta. A gidan da ke da mata uku da 'ya'ya goma sha, zane ne kaɗai zai hana 'yar ɗakin uwargida ta wayi gari a ɗakin amarya.

*Lokaci.* A yi jadawali mai layi huɗu: shekara da wata, yanayi, abin da ya faru, lambar feji. Labarin Hausa yana tafiya a kan kalanda biyu, kuma ba sa tafiya tare. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka azumi yana matsowa baya kowace shekara. A 2010 cikin Agusta aka fara shi, tsakiyar damina. A 2016 cikin Yuni. A 2024 cikin Maris, da zafin bazara. Wanda ya sa labarinsa a 2012 ya ce ana buɗa-baki cikin sanyin hunturu ya yi kuskuren da duk wanda ya yi azumin shekarar zai gane. Babbar Sallah kuma tana zuwa kimanin kwana 70 bayan ƙarama.

A jadawalin nan ne ake lissafa wa'adodin da al'ada da addini suka tsayar: suna a rana ta 7, wankan jego da arba'in, ciki wata 9, takaba wata 4 da kwana 10, idda, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. A ɗauki misalin Binta da aka ɗaura wa aure bayan ƙaramar Sallah, kuma ana so ta haihu kafin mijin ya tafi aikin Hajji a shekarar. Tsakanin nan wata biyu ne kacal. Ko dai a kai tafiyar zuwa shekara mai zuwa, ko a dawo da bikin baya. Gano wannan a jadawali aikin minti biyu ne. Gano shi bayan an saki feji na 35 ba shi da magani sai kame-kame.

A gefen jadawalin a rubuta abubuwan zamani da ke nuna shekara. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Takardar naira 1,000 ta fito a 2005. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013. Jarumin da ke tura saƙon tes a 1998 ya ɓata labarin da hannunsa. Farashi ma haka: a tsayar da kuɗin mota, kwanon shinkafa da sadaki na shekarar labarin, a rubuta su sau ɗaya, a riƙa dubawa. Idan labarin ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram, a tuna can da dala da jika ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, jika sefa 1,000.

*Wurare.* A zana taswirar gidan da labarin ya fi zama a ciki: zaure, tsakar gida, turaka, ɗakin kowace mata, madafi, banɗaki, ƙofar baya idan akwai. Rabin makircin labaran gida a kan wa ya ji me yake tsaye, kuma taswira ce ke nuna ko mai wanke-wanke a bakin rijiya za ta iya jin abin da ake faɗa a turaka. A rubuta tsawon tafiya tsakanin garuruwan labarin, a riƙe shi.

*Zaruruwa.* Duk abin da aka buɗe wa mai karatu alkawari ne: wasiƙar da aka ɓoye a ƙasan akwati, baƙon da ya tambayi gidan, tabon da ke wuyan jaruma. A jera su da lambar fejin da aka buɗe kowanne, da inda ake nufin rufe shi. Idan buɗaɗɗun zaruruwa suka haura bakwai ko takwas a lokaci guda, a daina buɗe sabo sai an rufe wani.

*Ƙa'idar rubutu.* Shafi ɗaya ya isa. A tsayar da yadda za a rubuta kalmomin da ake yawan saɓawa: "shi ne" a rabe, "yake" da "suke" a haɗe, "ba ta" a rabe. A rubuta wa ke magana da wane kari. Idan kaka Basakkwata ce, a jera kalmomi goma da za su riƙa fitowa a bakinta, kada ta koma Bakanuwa bayan feji biyar.

Mataki na 3: katunan fitowa

A samu fallen takarda a yanka gida huɗu. Kowane yanki fitowa ɗaya ce, kuma abu biyar ake rubutawa a kai: wuri, rana, su wa ke ciki, me babban mai fitowar yake nema, me ya canja a ƙarshe. Layin ƙarshe shi ne alƙali. Katin da ba a iya cike masa "me ya canja" ba, hira ce kawai, ko kwatancen kwalliya da girki. A haɗe shi da wani ko a jefar.

A baje katunan a kan tabarma a jere. A nan takarda ta fi waya, domin ido yana ganin labarin gaba ɗaya a lokaci guda. Za a ga inda jarumi ya ɓace na fitowa goma sha biyu, da inda faɗa uku suka biyo juna ba hutu, da inda aka cusa dukan asirai a ƙarshe. A sauya musu wuri har jerin ya zauna, sannan a sa lamba, a ɗauki hoto, a ɗaure su da roba. Feji mai kalma 1,500 yakan ɗauki fitowa biyu ko uku, don haka labari mai feji 60 yana bukatar kati 120 zuwa 180. Ba dole a cike su duka tun farko ba. Kashi ɗaya cikin uku na farko a yi shi dalla-dalla, tsakiya a yi manyan fitowa kawai, amma katunan ƙarshe lallai a rubuta su kafin a fara. Labaran da ke tsayawa a feji na 40 ba a ƙarasa ba, sau da yawa ba a taɓa sanin ƙarshensu ba ne.

Mataki na 4: shirya wayar

A sa Hausa a cikin harsunan Gboard, manhajar madannan rubutu ta waya, domin a samu ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. A kashe gyaran kalma na kai-tsaye na Turanci, in ba haka ba zai riƙa musanya kalmomin Hausa ba a sani ba. A kwamfuta, cikin Microsoft Word, ana buga lamba sannan a danna Alt da X tare: 0199 ya ba da ƙ, 0257 ya ba da ɗ, 0253 ya ba da ɓ. A Najeriya 'y ake rubutawa, a Nijar ƴ. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

A sa ƙugiyar harafi tun lokacin taifin. Masu cewa za su gyara daga baya da umarnin nemo-ka-musanya suna jefa kansu a rami, domin na'ura ba ta bambance baki da baƙi, fada da faɗa, kafa da ƙafa. Umarni ɗaya zai mayar da fadar sarki wurin faɗa a littafin gaba ɗaya.

Kada a yi taifin feji a cikin akwatin saƙon WhatsApp ko Facebook. Kira ɗaya, ko caji ya ƙare, ko yaro ya ɗauki wayar, aikin awa uku yana iya tafiya. Google Keep ma ba wurin babi ba ne, domin kowane rubutu a cikinsa yana tsayawa a kusan harafi 20,000. A yi rubutun a Google Docs, Word ko WPS Office, daga can a kwafa a kai inda za a saki. Google Docs yana da fa'ida biyu: yana ajiye tarihin gyare-gyare, ana iya komawa ga yadda rubutun yake jiya, kuma idan an kunna masa aiki ba intanet, ana rubutu ko babu data, ya ɗora daga baya.

Mataki na 5: folda da sunayen fayil

Folda ɗaya ga kowane labari, a cikinta huɗu: 1-kundi, 2-rubutu, 3-an-saki, 4-yankakku. Kada a zuba littafi duka a fayil ɗaya, domin dogon fayil yana nauyi a ƙaramar waya, kuma in ya lalace komai ya tafi. Feji biyar zuwa goma a fayil ɗaya ya yi daidai.

A sa sifili a gaban lambobin farko: 01, 02, 03. Wasu manhajoji suna jera 10 kafin 2 idan babu shi. Kada a sa wa fayil suna "na ƙarshe", domin gobe za a sami "na ƙarshe na gaske". A yi amfani da kwanan wata, shekara a gaba: feji-06-10_2025-03-14. Da haka sabon kwafin kowane fayil kullum yana ƙasan tsofaffinsa a jeri.

Foldar "an-saki" tana riƙe da ainihin abin da masu karatu suka gani, ba a taɓa shi. Idan gardama ta taso kan me aka faɗa a feji na 12, can za a duba. "Yankakku" kuma wurin duk abin da aka cire ne. Sanin cewa sakin layin da aka sha wahala a kansa yana nan a ajiye yana sa hannu ya saki wajen yankewa.

Mataki na 6: ma'ajiya

Kwafi uku, a wurare uku da ba za su ɓace tare ba: ɗaya a waya, ɗaya a Google Drive, ɗaya a imel na daban ko filashi da ke ajiye a gida. Rubutu ba ya cin wuri. Littafi mai kalma 90,000 bai kai megabait ɗaya ba in babu hotuna, alhali Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Memorin da ke cikin wayar ba kwafi na biyu ba ne, tunda ɓarawo tare yake tafiya da su.

Inda aka fi faɗuwa shi ne shiga asusun. Mutane da yawa a shagon waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, lambar da aka sa ta dawo da asusu kuma tana cikin wayar da ta ɓace. A rubuta adireshin imel da kalmar sirri a takarda a adana, a ƙara imel na biyu na dawo da asusu. Sau ɗaya a wata a shiga daga wata na'ura a buɗe fayil ɗaya, a tabbatar yana buɗuwa, kuma sabo ne.

Dandalin da ake sakin labari ba ma'ajiya ba ne. OkadaBooks, inda marubutan Najeriya da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Shafin Facebook ana iya kulle shi, lambar WhatsApp ana iya dakatar da ita.

Mataki na 7: lissafin saki

Kafin a yi wa masu karatu alkawarin feji kullum, a auna kai. A yi mako ɗaya ana rubutu yadda aka saba, a haɗa kalmomin. Wanda ya samu kalma 800 a rana, kwana biyar a mako, yana da 4,000. Wannan feji biyu ne da ɗan ƙari, idan kowanne 1,500 ne. Feji kullum yana cin 10,500 a mako. Wanda ya ɗauki wannan alkawari da ƙarfin 4,000, cikon zai fito ne daga dogayen gaisuwa da jerin kayan lefe, kuma a nan ne labari ke yin ruwa.

Kada a saki fejin farko sai akwai goma a ƙasa, gyararru. Tazarar nan ita ce ke ɗauke rashin lafiya, biki, rashin wuta da jarrabawa. Tana kuma ba da damar komawa feji na 14 a dasa abin da feji na 19 ke bukata, tunda duka biyun ba su fita ba. Idan tazarar ta sauko ƙasa da biyar, a rage yawan saki, a sanar.

Kowane feji kafin ya fita a bi shi da kundi a hannu: sunaye da yadda ake kiran juna, ranar da ake ciki, wa ya san wane sirri zuwa yanzu. Sannan a karanta maganganun da babbar murya, domin kunne yana kama inda 'ya ta yi wa mahaifinta maganar da ba za ta iya yi ba. Bayan an saki, a koma kundi nan take a shigar da duk sabon abu da ya shigo ba shiri: sunan direba, launin mota, cewa Inna ba ta cin kifi.

Shawarwarin masu karatu su ma wurin zuba tunani za su shiga, da alamar MASU KARATU a gaba, su jira zaman mako. Wadda ta nuna kuskure na gaske a shigar da ita kundi. Wadda ke neman a kashe kishiya ko a sauya wa jaruma miji, a auna ta da katunan ƙarshe. Idan karɓarta zai sa a sake rubuta kati fiye da biyar, a bar ta a fayil ɗin "na gaba".